Tarin da Na Haɗiye a Filin Gwajin Mota

Mun tashi daga Hadejia da asuba, ana sallame salla, ni da Baba, a cikin lorin maigidanmu, babu kaya babu fasinja. Ga wanda bai san mu ba, mu mutanen ƙasar Faransi ne, daga can gefen Tabkin Cadi. Baba ba shi ya haife ni ba, amma shi ya ɗora hannuna a kan sitiyari, shi kuma ya taho da ni nan shekara huɗu da suka wuce, muka zauna muna jigilar gyaɗa da bandar kifi zuwa tashar jirgin ƙasa. Duk zaman nan da takardar tuƙi ta Faransi muke aiki, wadda muke ce wa farmi, ba wanda ya taɓa ce mana kanzil. Sai bana aka yi shela cewa duk baƙon da ya zaune a ƙasar Ingilishi yana tuƙi, tilas ya je Kano a gwada shi ya karɓi lasin irin na nan. Maigida ya ce mu je mu dawo kafin a buɗe cinikin gyaɗa, kuma wanda ya dawo da lasin shi zai hau mota.

Abin da maigida bai sani ba shi ne, shekara biyu ke nan da farar yana ta hau idon Baba. Hannunsa da ƙafarsa suna nan daram, yana jin inji kamar yadda uwa ke jin kukan ɗanta, amma abin da ya wuce taki biyar sai dai inuwa. To mun yi wa abin dabara. Ni nake zama gefensa ina faɗa masa ƙasa-ƙasa: jaki a hagu, rami a gaba, mace da tulu. In zai yi ribas in sauka in riƙa buga bodi, ɗaya tsaya, biyu taho. Haka muka ci shekara biyu ko kaza ba mu take ba. In an raba shi da mota, ban san me zai ci ba, don baƙo ne, ba shi da ko taki ɗaya na gona a ƙasar nan.

Kogi bai gama janyewa ba. Fadama duk ta yi shar da shinkafa, mata suna ta kaɗa gwangwani suna korar tsuntsu, masunta kuwa kowa ya kife ciki a kan ƙaton goransa yana shawagi da koma a hannu. A mafita, inda ake ƙetare kogin, aka ce sule uku za mu biya a haye da lori a jirgin katakon nan da ake ja da igiya. Baba ya ji harshen sarkin fito yana karyewa irin namu, sai ya juya masa Barbarci. Kafin su gama tambayar juna dangin uwa, kuɗi ya koma sule biyu, har ya ƙara mana kifi biyu gyara. Baba ya hau da motar kan katako biyu masu faɗin tafin hannu, ni ina gefe ina ta motsa baki kamar mai wuridi. Mutane suka yi ta cewa kai, tsohon nan akwai ido. Ya yi murmushi ya gyara hula.

Daga nan zuwa Kafin Hausa yashi ne zalla. Sau biyu muna kafewa, sau biyu mutanen da ke tafiya kasuwa suna ajiye kaya su tura mu, mu kuma mu rage musu hanya. Har da wani mai raguna huɗu, wanda ya rantse ba zai sake shiga mota ba, da muka sauke shi kuma ya tambaya yaushe za mu dawo. A Jahun muka tsaya shan fura, kwabo ɗaya ƙwarya cike. Bafillatanar da ke damawa tana ganin zanen fuskar Baba ta ce yau ga bawanta ya zo gaisuwa. Ya ce mata ai shanun ubanta ya zo ƙirgawa, don nasa ne. Ta ƙara masa nono, ya sha yana ƙorafin ta zuba ruwa. Daga Jahun ni na karɓi tuƙi, muka shiga Kano rana ta yi ja.

Mun sauka gidan wani fatoma a Fagge. Jama'a, a birnin nan ruwa ma saye ake yi. Mu da muka taso da kogi a bayan ɗaki, sai ga mu muna cinikin garwa da mai ruwa. Kifin da a Hadejia za a ba ka kyauta don kada ya lalace, a can sisi ne, kuma in ka taya a harare ka. Tsirensu dai ban da abin cewa.

Kwana uku muka yi muna zirga-zirga kafin ma a ce ga ranar gwaji. Akawu ya karɓi farmi ya jujjuya, ya kasa karanta Faransanci, ya ajiye gefe kamar ganyen da aka gama cin ƙosai a ciki. Ya ce ina takardar harajinmu, ina shaidar mai unguwa cewa muna zaune a Hadejia, ina hoto. Muka je wurin mai hoto, wanda ya cusa kansa cikin baƙin zane yana ce mana kada mu yi numfashi. Nawa ya fito kamar ɓarawon da aka kama da akuya. Na Baba ya yi kyau ƙwarai, ya tambaye ni ko hular ta zauna, na ce ta zauna.

Ana gobe gwaji muka je kallon filin. An jera duro shida, uku nan uku can, mutum zai shigo da mota da baya ta tsakaninsu, hanyar kuma tana da lanƙwasa, ba tare da ya taɓa ko ɗaya ba. Ba a yarda kowa ya zauna gefen direba ba, ba a yarda a buga bodi ba. Muna komawa masauki Baba ya tsaya a gindin wata bishiya ya riƙe hannuna.

Ya ce, "Ɗana, gaba ba ta dame ni ba, na auna filin da ƙafata. Bayan nan ne. In ka ga zan taɓa duro, ka yi tari sau ɗaya, da ƙarfi. Zan tsaya in gyara. Ba wanda zai hana mutum tari."

Na ce, "An gama, Baba." Ko tunani ban tsaya yi ba.

Da safe mu goma sha ɗaya ne a filin. Baturen gwaji yana tsaye da allo a hannu, tafinta a gefensa. Na uku da aka kira wani direban Gusau ne, yana cikin ribas sai abokin tafiyarsa ya yi masa fito. Nan take Bature ya ɗaga hannu. Aka kore su su biyu, tafinta ya juyo ya shaida mana cewa duk wanda ya yi wa wani alama, da shi da wanda aka yi wa sun faɗi, ko da ya riga ya ci. Aka kira ni na bakwai. Na ratsa duron nan lafiya lau, muka zaga gari da Baturen, ina ta tuna wa kaina hagu, hagu, don tuƙin hannun dama irin na Faransi yakan motsa mini in na tsorata. Muka dawo ya gyaɗa kai. Akawu ya rubuta takardata ya ɗora dutse a kai a bisa tebur, saura sa hannu.

Sai aka kira Baba. Na matsa na tsaya inda zai ji ni. Wani ɗan sanda ya zo ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da ni, ba don ya zarge ni ba, inuwa ce a wurin. Baba ya sa ribas, motar ta taho a hankali kamar ana zuba mai. Ya wuce duro na farko, ya wuce na biyu. A lanƙwasar sai na ga tayar baya ta nufi na uku sak. Tarin ya taso mini har maƙogwaro. Na dubi ɗan sandan, na dubi teburin akawu da dutsen nan a kan takardata. Baba ma kamar jikinsa ya ba shi, ya taka birki, ya leƙo da kansa ta taga, ba don ya gani ba, kunnensa ya juyo wajena. Ya jira. Wallahi ya jira ni. Na haɗiye miyau na sunkuyar da kai. Da ya ji shiru sai ya saki birki, ya yarda hanya na da kyau. Duron ya lotse a ƙarƙashin taya da ƙarar da har yau take kunnena.

Baturen bai yi faɗa ba. Ya sa Baba ya sauko, ya ja da baya kamar taki goma sha biyar, ya ɗaga yatsu, tafinta ya ce nawa ne. Baba ya daɗe yana kallon wajen, sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, a bar shi haka." Aka miƙo masa farminsa ya ninke ya sa a aljihu. Aka sa hannu a tawa.

Dawowa ni na tuƙa tun daga Kano har gida. Bai yi mini fushi ba, da ma ya yi. A Jahun shi ya sayi fura ya miƙo mini, Bafillatanar ta tsokane shi ya ce yau bawan nata ya gaji. A hanya bakina ya riƙa suɓucewa ina cewa rami a gaba, sai in tuna ni ne a sitiyari. A mafita sarkin fito ya tambaya an dace? Baba ya ce an dace, yaronsa ya ci.

Maigida ya ba ni makulli a gaban mutane. Direbobin da suka ji idon Baba ne ya kayar da shi suna ta ce mini gara haka, da wata rana ya hau kan 'ya'yan mutane. Mai yiwuwa gaskiyarsu ne. Amma ni na san ba don 'ya'yan mutane na yi shiru ba, shekara biyu ina gefensa ban tuna da su ba. Don takardar da ke ƙarƙashin dutse na yi. Abin da tafiyar nan ta koya mini ke nan: in ba za ka iya ba, ka faɗa tun a gindin bishiya, mutum ya san shi kaɗai ne. Na yi nadamar alkawarin, na fi yin nadamar shirun.

Washegari bayan la'asar na je gidan Baba. Iya, matarsa, wadda ta san komai game da idon da kuma dabararmu, tana tsugune tana gyaran kifi. Ba ta amsa gaisuwata ba. Ta ce, "Kai kana ina har ya taka abin?"

Na buɗe baki, Baba ya riga ni. Ya ce, "Ke, bar yaro. Ya yi tarinsa har sau biyu, ƙarar inji ce ta hana ni ji." Ya juyo da fuskarsa inda yake jin numfashina. "Ko ba haka ba, ɗana?"

Na ce, "Haka ne, Baba."

Iya ta sa mini albarka, ta ce in yafe mata zargin da ta yi. Ta zubo mini tuwo, ta zaɓo kifin da ya fi girma ta ɗora a kai. Na zauna kusa da shi na ci.