Ashe amsar tana kan murfin inji

Har na buɗe galan ɗin baƙin mai zan zuba wa sabuwar motata, sai bakanikena na Rano, Malam Sabo, ya riƙe min hannu.

Shekara da shekaru ina ɗaukar buhunan masara daga Fammar da tsohuwar akori-kura, kuma hanyata ɗaya ce: in murza mai a yatsa. In ya yi kauri, mai kyau ne.

Na ce, "Malam, taɓa ka ji. Kamar zuma!"

Ya yi dariya. "Alhaji, injin akori-kura ya saki, shi ya sa take son mai kauri. Wannan kuwa hanyoyin cikinta sirara ne. Kafin zumarka ta zagaya da safe, inji ya ci kansa."

Ya goge murfin da tsumma, sai ga lambar man da injin ke so, 5W-30 marar kauri, ɓaro-ɓaro. Galan ɗina kuwa 20W-50 ne, mai kauri.

Wallahi saura ƙiris in kashe motar da ko wata ba ta yi ba. Zumar dai akori-kura ta shanye abarta.

Ku faɗi gaskiya, wa ya taɓa karanta murfin nasa?