Tulun da Guixiang Ta Karɓo

Tun shekarar da aka kai ta gidan Defu, hunturu bai taɓa wucewa ba tare da Guixiang ta hau dutse haƙar saiwar kudzu, wani tsiro mai yaɗo, ba. Ta daka, ta wanke a rafi mai sanyin yanka hannu, ta tace, ta bar garin ya kwanta, ta shanya. Kwando guda da ƙyar yake cika akushi.

Bana tulu ɗaya ta tara, don uwarta. Tsohuwa ba haƙori, cikinta ba ya karɓar komai sai wannan kunun: a dama da ruwan sanyi, a sheƙa tafasasshe, ya yi garau.

Kashegarin sabuwar shekara, ranar da matan aure ke zuwa gaida iyaye, ta nemi tulu ta rasa.

"Defu, ina garina?"

"Na kai wa mai gari gaisuwa. So kike in shiga gidansa hannu wofi?"

"Ka kai masa tulun giyarka mana! Kai da ko fartanya ba ka san nauyinta ba. Furen kudzun da nake dafa maka kullum ka tashi da ciwon kan giya, shi ma ka raba wa gari!"

"Rage murya, uwar yara. Kyauta ba ta dawowa."

Ta san haka. A ƙauyen nan, karɓe kyautar sabuwar shekara daidai yake da marin mai gida. Ta ɗaura gyalenta ta fita.

Gidan mai gari cike da baƙi, ana cin nama. Ga tulunta a bakin ƙofa, an ɗora masa hular wani.

"Yaya," ta ce da matar gidan, "na zo ɗaukar abincin uwata."

Matar ta yi yaƙe. "Ƙanwata, ko ke ma kin ɗan taɓa giyar Defu ne?"

Guixiang ta buɗe mata tafukanta, duk faso da jini. Ta ture hular ƙasa, ta rungumi tulu. Ba wanda ya raka ta ko ƙofa.

Daga ranar ba a sake kiranta girkin biki ba, mata kuma sukan ja baya da wankinsu idan ta iso rafi. Tsohuwa ta sha kununta har hunturu ya wuce, dutse ya yi kore.