Akwatin Ƙarfe Ya Haye Kogi

Mutanen Kafin Hausa sun ce yaji na yi. Mutanen Auyo sun ce boko ya cinye mini kunya. Akwai ma wadda ta rantse a gidan suna cewa a cikin jirgin fito na haihu, masunta suna kallo. Duk ba haka ba ne, kuma na gaji da gyara wa mutane ɗaya bayan ɗaya. Ga yadda tafiyar ta kasance; wadda ta iya karatu ta karanta wa wadda ba ta iya ba.

Kafin Hausa

Cikin fari ne, ya tsufa, damina kuma ta kankama. Bisa al'ada gidanmu zan koma, Auyo, in haihu a ɗakin Inna. Ni kuwa niyyata in wuce Haɗejiya, in zauna kusa da asibiti tun kogi bai rufe hanya ba. Dalilina ɗaya ne. Yayata Hadiza a ɗakin Inna ta yi doguwar naƙuda a irin wannan lokaci, ruwa ya cika, ba mai fiton da ya yarda ya taɓa jirgi. Ta tafi da abin da ke cikinta. Ina makaranta a Kano saƙo ya iske ni.

Akwatin da na yi makarantar da shi na zazzage, na ƙarfe, da sunana a jiki da farin fenti. Tsofaffin zannuwa na fara shimfiɗawa, bayan na dafa su na shanya a rana. A kansu bargo, sabulu, man kaɗanya, kwanon sha da cokali, sai majanyi. Can sama 'yan riguna da hular ulu da na saƙa da hannuna. Rigunan nan su suka jawo magana. Maƙwabciyarmu ta gan su a igiya ta kama haɓa, wai ana yi wa wanda bai zo ba ɗinki? Wannan ai riga Allah ne. Na ce mata mijinta ya yaɓe rumbunsa tun gero bai fid da kai ba, ban ji an yi masa wa'azi ba.

Malam, maigidana, yana koyarwa a elementare. Ya yarda da shirin, amma kunya ba ta bar shi a gan shi da akwatin ba. Ana idar da sallar asuba ya kinkime shi zuwa bakin kasuwa, ya ɗora a motar masu fatu, ya yi mini addu'a yana kallon tayar mota.

Hanya

Direba ya ba ni gaba, kusa da shi. Ba mu yi nisa ba muka tarar ma'aikatan En'e, masu kula da hanya, sun gitta itace: an yi ruwa jiya, ba motar da za ta wuce sai ƙasa ta sha iska. Na sauka na tambayi babbansu ko shi zai karɓi haihuwar idan ta zo a nan. Ya dubi cikina, ya dubi sama, ya ce a ɗage itacen. Direba ya yi ta dariya har Auyo, yana cewa daga yau ba zai ƙara tafiya ba sai da mai ciki a gaba.

Dama da hagu shinkafa ce kore shar, ruwa ya kwanta a cikinta. Sau biyu muka kafe, fasinja suka tura. Da hantsi muka shiga gari.

Auyo

Inna ta gyara mini ɗaki, an tara itacen wankan jego har ya kai katanga. Ta buɗe akwatin, ta ga rigunan, ta mayar da murfi a hankali. Ba ta sake taɓa shi ba. Da na faɗa mata gobe zan wuce, sai ta ce in ci abinci. Tuwon shinkafa da miyar kuka da busasshen kifi. Na ci ƙwarai.

Gwaggo Asabe, ƙanwar mahaifina, ita ta yi maganar da Inna ta ƙi yi. Asibiti wurin masu gyambo ne. Wa zai binne mabiyiya? Wa zai dafa ruwan wanka, Bature? Da ta ga ba na lanƙwasuwa, sai ta ce to ƙafarta ƙafata, kuma da tukunyar wanka za ta, da kanwa, da damin itace, don ba za a mayar da 'yar ɗan'uwanta ɗanya ba. Na ce ta ɗauko har murhun.

Saura Baffa, wanda ke riƙe da gidan tun rasuwar mahaifinmu. Ya aiko cewa bai yarda ba. Na aika cewa na ji.

Bakin kogi

Washegari da sassafe muka kama hanya da jakuna biyu, ni a kan ɗaya, kaya a kan ɗaya. Inna ta biyo mu a ƙasa, wai rakiya. Kogin ya riga ya haye gaɓa ya shiga gonaki, jirgin yana can nesa, sai an taka ruwa kafin a kai gare shi. Mai fito, wani dattijo Babarbare, ya ƙare wa kayanmu kallo ya ce jirginsa zai ɗauki tukunya, har da Gwaggo, amma ban da itace. Ya ce a Haɗejiya ma ana dafa abinci. Gwaggo ta kira shi bawanta, ya kira ta uwar murhu, aka sauke itacen.

Muna cikin haka Baffa ya iso a kan doki. Bai daka tsawa ba, ba halinsa ba ne. Ya ce ba a taɓa fitar da macen gidan nan ta haihu a hannun baƙi ba, rai da ajali na Allah ne, a mayar da akwati kan jaki. Mai jakin ya kama igiya. Na buɗe baki, kuma na san abin da zai fito ba mai daɗi ba ne.

Inna ta riga ni. Ku tuna yayata Hadiza ita ce 'yar farinta. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunan a bakinta ba. "Waccan" take cewa, ko "yarinyar nan". Ko ranar da aka ɗauke ta, an ce ba ta yi kuka a gaban mutane ba.

"Yaya," ta ce wa Baffa, "na ba ku Hadiza, na yi shiru. Hadiza. Ni na riƙe ta har ta huce. Wannan kam za ta haye."

Gwaggo ta ja mayafi ta rufe fuska. Inna ta naɗe gammo, ta tsuguna, ta ce da mai jaki ya ɗora mata. Akwatin da ta ƙi taɓawa jiya, shi ta ɗauka a ka, ta shiga ruwa har ƙugu, sunana yana ƙyalli a rana. Na bi bayanta. Ban taɓa jin tsayina ya kai na ranar ba.

Baffa ya daɗe a kan dokinsa. Sai da jirgi ya ɗaga na ji muryarsa: "Allah ya raba lafiya."

Haɗejiya

Da azahar ni da Gwaggo muka shiga gari, muka sauka a gidan wata 'yar'uwar Inna, tafiya kaɗan zuwa asibiti. Ba mu yi mako ba aka wayi gari fito ya tsaya cak, ko masu haye ruwa a kan gora ba sa shiga.

Da naƙuda ta zo da ƙafata na je. Malamar asibiti, wata Bayarabiya mai Hausa kamar ta Kano, ta buɗe akwatin ta ɗaga zannuwan ɗaya-ɗaya, ta tambaya wa ya shirya. Na ce ni. Ta kira sauran ma'aikata su gani. Sai ga Gwaggo ta shigo da tukunya a ka tana tambayar inda ake hura wuta. Aka yi ta lallashinta har ta yarda ta kai gida.

Haihuwar ba ta zo da sauƙi ba. Kwanciyar ba daidai take ba, sai da aka kira likita. Ba zan ƙara komai a kan wannan ba, sai dai in ce irin ta yayata Hadiza ce, kuma ga ni ina rubutu. Mace aka samu. Hular ta yi mata yawa, ta rufe har ido. Gwaggo ta karɓi mabiyiya ta binne a bayan ɗakin masaukinmu yadda ake yi, ta kuma gasa ni da ruwan zafi safe da yamma har na gama wanka. Kunun kanwa kuwa na sha har na ƙi jininsa.

Komawa

Ruwa ya ja kafin mu tashi. Dattijon nan ne ya sake haye da mu, ya tambayi Gwaggo ko ta samu itace a birni. A Auyo Baffa ya karɓi jaririyar ya daɗe yana dubanta. Sunan da aka raɗa mata Hadiza. Inna tana kiranta da shi, gatsal, a gaban kowa, wai ai jika ce, ba kunya tsakaninsu.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Na gode wa direba, da mai fito, da malamar asibiti, da Gwaggo da tukunyarta.

Akwatin ban koma da shi Kafin Hausa ba. Na wanke zannuwan na sake dafa su, na mayar, na saƙa wata hular da ba ta kai ta farko girma ba, na ajiye shi a ɗakin Inna. Matar ɗan Baffa tana da ciki, lissafinta tsakiyar damina mai zuwa. Ana yin ruwan shuka zan zo in haye da ita. Ban nemi izinin Baffa ba tukuna. Inna ta ce in bar mata wannan.