Motar da Za Ta Kai Rahmatu Soba

Yamusa mutum ne da zama ke yi wa ciwo. Tun yana saurayi a Makarfi, in ana hira a dakali shi yana tsaye, ƙafa ɗaya a hanya. Ya taɓa faci, ya taɓa awon hatsi, ya bi babbar mota zuwa Kudu har ya koyi tuƙi, duk babu inda ya daɗe. Ya shigo Abuja a shekarun da ma'aikatu ke ta kwararowa daga Legas, ko'ina sai ƙarar tirela da jar ƙasa. Da ya sami ɗaki a Durumi ya koma ya ɗauko matarsa Rahmatu, 'yar Soba, mace mai sanyin magana wadda ba ta iya musu ba. A Durumin ma sun sha tashi. Yau rusau, gobe rigima da mai gida, jibi shi da kansa ya ce ɗakin ya ishe shi. Ita dai sai ta naɗe tabarma ta bi.

Aikin da ya fara riƙe shi shi ne tuƙa Hajiya Ummukulthum, wata babbar ma'aikaciyar gwamnatin tarayya da ke zaune a Maitama. Kowa ya san tuƙa manya rabinsa jira ne. Sauran direbobi su kwantar da kujera su yi barci, ko su taru gindin bishiya suna cin naman iyayen gidansu. Yamusa ba zai iya ba, sai ya huce a kan wanki. Ya wanke motar da safe, ya goge ta a bakin ofis, in sun dawo ya ja tiyo ya cusa ƙarƙashinta yana feshe ta da ruwa, sannan ya tura ta gareji tana ɗiga ya ja ƙofa.

Motar doguwa ce, ruwan toka, ta hannu. Daga irin ƙasashen nan ta zo da ake watsa gishiri a titi don ƙanƙara ta narke, kuma tun daga can ta taho da tsatsarta a ƙarƙashi. Sama kuwa ko fuskarka kana gani.

Da Hajiya ta yi ritaya za ta koma Katsina, sai ta kira shi ta miƙa masa makulli. "Malam Yamusa, ka fi ni son motar nan. Ka riƙe, Allah ya sa albarka."

Ranar ya yi kuka, ba kunya. Ya shigo Durumi yana danna oda, ya tsaya a tsakar gida ya sha alwashi a gaban maƙwabta cewa Rahmatu ta gama shiga motar haya. Shi da kansa zai kai ta Soba, tana gidan gaba, har ƙofar mahaifiyarta. Da, duk babbar salla takan je tashar Jabi ta hau motar Zariya ta dubo tsohuwar, wadda suke kira Inna. Daga ranar aka ce ta jira.

Sai dai mota ba za ta je gidan surukai haka nan ba. Ya kai ta wurin Lukmanu, wani bakanike da ke da gareji a gefen tashar Jabi, ya ce a fesa mata maganin tsatsa. Nan 'yan zaman gareji suka yi caa. Wani ya ce asara ce, Abuja ba teku ba gishiri, me zai ci ƙarfe? Wani ya ce shi baƙin mai kawai yake sa a watsa wa tasa in damina ta kawo kai. Lukmanu ya shiga ramin duba ƙarƙashin mota ya fito.

"Oga, feshi na lafiyayyen ƙarfe ne," in ji shi. "Wannan ta riga ta kamu. Sai an kankare har a ga fari, a yi walda inda ya ci, a bar ta ta bushe sarai, sannan a fesa. Za ta kwana biyu a nan fa."

Kwana biyu! Ga mutumin da ko shayi ba ya jira ya huce. Ya ce zai yi shawara, ya ja motarsa. A hanyar gida ya ci karo da wani mai feshi a bakin titi da ya ce yanzu-yanzu zai gama. Aka wanke ƙarƙashin, tun bai tsane ba aka lafta masa baƙin abu mai kauri kamar kwalta. Yamusa ya durƙusa ya leƙa, ya ga baƙi wul yana ƙyalli, ransa ya yi fes. Abin haushi, feshin ba shi da laifin komai. An ce masa ya hana ruwa shiga, ya hana. Wanda aka rufe a ciki ma ya hana shi fita.

Daga nan ya sayo tamfol ya lulluɓe ta a bayan ɗaki, a kan ƙasa, daidai inda ruwan wanke-wanken gidan ke bi. Ba ya yarda ta taka taɓon Durumi. Shi kuma ya ci gaba da halinsa: ya tuƙa motar wata makaranta, ya bari, ya tuƙa ta masu ruwan leda, ya bari, ya koma wani gida a Maitama, ya yi faɗa da mai gadi. Da safe yakan ɗaga tamfol ya tayar da inji, ya goge gilashi, ya rufe.

Salla ta zo, ya ce tayoyin ba za su yi doguwar tafiya ba. Wata ta zagayo, ya ce takardu sun ƙare. Ta gaba, sabon oga ya hana hutu. Duk lokacin da aka bugo waya daga Soba, Rahmatu takan fita bayan ɗaki ta daɗe, ta dawo ido jawur. Ya gani sarai, kuma abin na cin sa. Maimakon ya ce ta tafi, sai ya fita neman sabuwar salansa. Shi a ganinsa duk don ita yake wannan zirga-zirga.

Wata Laraba bayan damina, tana tankaɗen gari, ta ce ba tare da ta ɗago ba, "Malam, gobe zan tafi Soba."

Bai taɓa jin ta yi magana haka ba. Ya miƙe kamar an tsikare shi. "Ai ni zan kai ki! Me aka yi aka yi Soba?"

Washegari ya yaye tamfol, ya loda buhun shinkafa da jakarta a but, ya buɗe mata gidan gaba. Motar ta tashi lafiya. Suna dab da Jabi ya taka wani ɗan tudun kan titi, sai suka ji ƙwas daga baya, motar ta karkace gefe guda tana jan ƙasa. Da ƙyar ya lallaɓa ta zuwa garejin Lukmanu.

Lukmanu ya shiga rami da sifana a hannu. Ya sa farce ya ɓamɓaro baƙin fentin, ya taso kamar ƙanzon tukunya, jan gari mai danshi yana zubowa. Ya danna sifanar a jikin ƙarfen da ke ɗauke da tayar baya, ta shige.

"Oga, wallahi ko Zuba ba za ta kai ba. Allah ne ya rufa asiri ba ku hau babban titi ba."

Yamusa ya hau zagaye motar yana lissafa masu walda, yana cewa in aka dage zuwa jibi an gama. Ko da ya juyo, Rahmatu ta ciro jakarta daga but.

"Rahmatu, ki ɗan ƙara haƙuri. So nake Inna ta gan ki a motarki."

"Malam, idon Inna ya tafi tun tsakiyar damina," ta ce a hankali. "Ko ka kai motar ƙofar ɗakinta ba za ta gan ta ba. Ni ma ba za ta gan ni ba. Muryata take nema."

 Ya saɓi buhun shinkafar ya bi ta cikin tasha. Motar Zariya ta kusa cika, ɗan kamasho na ihun saura mutum biyu. Ta shiga, ta ɗora hannu a kan kujerar da ke kusa da ita, ta dube shi.

"Riƙe mini wurin," ya ce. "Bari in ɗaga gilashi in kulle ta, yanzu zan dawo."

Ya ruga gareji. Ya ɗaga gilasai, ya kulle ƙofofi, ya sake zagayawa ya gwada kowacce, ya tsaya gaya wa Lukmanu kada a bar ta a rana. Da ya dawo da gudu yana haki, wata motar ce a wurin, babu kowa a ciki, ɗan kamasho ya fara kiran sabon lodi.