Ranar da Na Ce wa Kawu Malam

Warin robar da ta sha rana, gauraye da ƙamshin harawa, shi nake fara ji duk lokacin da na tuna gonar nan ta bayan Wagini.

Ina aji uku a jami'a malaminmu ya sa muka ɗaura wani ɗan akwati a jikin ƙatuwar balan-balan, muka sake ta sama. Aikin akwatin ƙirga wasu ƙwayoyi da ke zubo wa duniya daga can cikin taurari, waɗanda ido ba ya gani. Duk wadda ta ratsa shi sai ya yi ƙyas. A can sama suka fi yawa. Na ƙaunace su, har waƙa na rubuta musu a bayan littafina.

Balan-balan ta fashe kamar yadda aka tsara, lemar da muka ɗaura wa akwatin ta sauko da shi, muka rasa inda ya faɗa. Bayan kwana biyu wani manomi daga Wagini ya kira lambar wayar da ke jikin akwatin. Malaminmu ya ce ni zan raka shi ɗaukowa. Na ɗauka ƙoƙarina a aji ne ya jawo.

Wagini kuwa garin mahaifiyata ne. Muna sauka daga babur na ga manomin tsaye kusa da jakinsa, rigarsa a yage ta kafaɗa, ƙafarsa duk kaushi. Yayan mahaifiyata ne, mutumin da ya goya ni a kan jaki ina ƙarama. Na dubi takalmin malaminmu mai sheƙi. Ban durƙusa ba.

"Sannu, Malam," na ce. "Kai ne ka tsinci kayanmu?"

Ya dube ni.

"Ni ne, Malama," ya ce.

Ya fito da akwatin daga mangala, a naɗe cikin rawaninsa. Ya ce mutanen gari sun ce bom ne, shi ya sa ya kawo shi gona, nesa da yara. Ya ce akwatin yana ta ƙyas-ƙyas har jiya da la'asar, sannan ya yi shiru.

"Ko yunwa ce ta kashe shi? Me yake ƙirgawa haka, Malama?"

Malaminmu ya yi dariya ya dube ni, yana jiran in yi bayani. Ni da na rubuta wa abin waƙa, sai na ce, "Ba za ka gane ba."

Da za mu tafi ya ɗora min ƙullin wake a cinya, ya ce tsarabar baƙi ce.

Sai bayan na gama karatu malaminmu ya gaya min abin da manomin ya faɗa a waya ran nan. Cewa ya yi, "'Yar ƙanwata tana makarantarku, ku taho da ita. Ita za ta fahimtar da ni."