Girbin da Baba Bai Gani Ba

Shekarar da Baba ya kwanta ita ce shekarata ta biyu da sayen jirgin. Ɗan ƙaramin jirgi ne mara matuƙi, irin da samari ke ce wa diron, mai farfela huɗu da kyamara a ƙarƙashin cikinsa. Ba don sana'a na saye shi ba. Ni ma'aikacin gwamnati ne a Birnin Kebbi, ina zaune a Nassarawa da iyalina, kuma tun ina yaro nake son in ga yadda gari yake daga sama. Ranar Lahadi da yamma mukan haɗu mu huɗu ko biyar masu irin wannan sha'awa, mu fita bayan gari inda babu gidaje, mu yi ta tashin jiragenmu har batir ya ƙare.

Muna da ƙa'idojin da muke bi, kuma ni ne mai tsanani a kansu. Ba ma kusantar filin jirgi ko barikin soja. Ba ma bi ta saman gidajen mutane, domin mata na tsakar gida suna harkokinsu, babu wanda ke da ikon leƙa su ta sama. Akwai wani abokinmu da ya taɓa ratsa saman taron ɗaurin aure don ya ɗauki hoto, ni na tsaya kai da fata sai da muka daina fita da shi. A lokacin ina ganin kaina mutum ne mai kiyaye doka.

Baba manomin shinkafa ne a Argungu. Gonarsa na cikin fadama, ba nisa da gulbi, kuma ya fi shekara hamsin yana nomanta damina da rani. Wata safiya ya faɗi a ƙofar gida yana shirin hawa babur, daga nan ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Magana ta dawo masa a hankali, amma ƙafa ba ta dawo ba. Ƙanena ne ya karɓi gonar. Duk yamma zai zo ya zauna a bakin gado ya ba shi labarin aikin yini, Baba ya saurara ya gyaɗa kai, amma kana ganin fuskarsa ka san labarin bai ishe shi ba.

Wata Asabar da na je gaishe shi na tafi da jirgin. An gama dashen rani ke nan. Na tsaya a bakin gonar, manoma suka kewaye ni suna kallo suna dariya, na tashe shi na zagaya gonar daga wannan kusurwa zuwa waccan. Da na dawo gida na miƙa wa Baba wayata, na kunna masa hoton da jirgin ya ɗauka. Ya riƙe ta da hannunsa mai lafiya, ya matso da ita dab da idonsa. Can ya ce in mayar baya.

"Tsaya nan," in ji shi. "Fangalin nan na gabas ba shi samun ruwa. Dubi launinai."

Ƙanena ya ce ai jiya ya ba shi ruwa da kansa. Baba ya ce ya dai je ya duba. Ya je ya tarar tiyo ya fashe a cikin ciyawa, rabin ruwan na zubewa a hanya. Ranar Baba ya ci tuwo ya nemi ƙari. Inna, mahaifiyarmu, ta biyo ni har zaure ta ce tun da ya kwanta ba ta ga ya yi dariya ba sai yau.

Daga nan abin ya zama na kowace Asabar. In iso da hantsi, in wuce fadama, in dawo mu zauna ni da shi muna kallo. Yakan ce in riƙa saukowa da jirgin ƙasa ya ga ganye, yakan yi faɗa a kan ciyawar da aka bari. Ni da Baba ba mu saba doguwar hira ba, ni na bi boko shi ya bi gona, amma a waɗannan makonni mun yi maganar da ba mu yi ba a shekara ashirin.

Ana cikin haka labari ya fara yawo cewa 'yan bindigar da ke daji suna aiko irin wannan jirgi ya leƙa gari kafin su shigo. Ban san gaskiyar maganar ba har yau. Abin da na sani shi ne akwai mutanen da suka gudo daga ƙauyukansu suna zaune a gidajen dangi a unguwarmu ta Argungu, kuma tsoron da ke idonsu ba na ƙarya ba ne. Mai unguwarmu ya aika aka kira ni. Abokin Baba ne tun suna makarantar allo, kuma shi ya yi mini walicci lokacin aurena.

Ya ce, "Ɗana, na san abin da kaka yi ma tsoho, Allah shi yi maka albarka. Amma jami'an tsaro sun ce kowa shi aje wanga abu sai in da takardar izini. Mutane na cikin firgici. Ka yi min alkawari ba ka ƙara tashinai sai ka kawo takarda."

Na yi masa alkawari. Ranar Litinin na rubuta takardar neman izini na kai ofishin da aka ce in kai. Suka karɓa da mutunci, suka ce ba a nan ake yanke hukunci ba, sai an tura sama. Na koma bayan mako biyu, na sake komawa bayan wasu biyun. Kullum amsar ɗaya ce, ba a dawo da ita ba tukuna.

Duk Asabar idan na shiga ɗakin, Baba zai dubi hannuna kafin ya dubi fuskata. Bai taɓa cewa in karya doka ba. Tambaya kawai yake yi, "Takardar ta hito?" In ce ba ta fito ba. Ya ce Allah ya kawo ta. Na gwada ɗaukar masa hoto da waya daga ƙasa, ya duba ya ce wannan ai bakin gona ne kawai.

Shinkafa ta nuna, zafi ya tsananta, jikinsa kuma ya fara ja baya. Ƙafafunsa suka kumbura, numfashi ya riƙa yi masa wuya. Likitan da ke duba shi ya ja ni gefe ya ce zuciyar ta gaji, mu dai ci gaba da addu'a. A makon da za a fara yanka, ina gyara masa matashi, ya ce da ni a hankali, kamar da kansa yake magana, tun da ya yi wayo girbi bai taɓa wucewa bai gan shi ba.

Washegari na ɗauko jirgin daga but ɗin mota. Ƙanena ya gan ni ya ce, "Yaya, ka bari. Ka yi ma mai unguwa alkawari." Na ce minti biyar ne, ba wanda zai sani.

Don kada a gan ni, ban tsaya a bakin gona inda na saba ba. Na laɓe a bayan wata bishiyar giginya can nesa, na tashe shi daga nan. A da, duk wanda ya ji ƙararsa zai waiga ya gan ni tsaye da rimot a hannu, ya san ɗan wane ne ke wasansa. Ranar babu kowa a ƙarƙashinsa. Wannan bai zo mini a rai ba sai daga baya.

Minti biyun farko sun yi kyau ƙwarai. Gonar ta yi jawur, zangarniya ta sunkuya don nauyi. Na sauko da shi ƙasa sosai don Baba ya ga ƙwayar, na bi gefen gonar har iyakarta. A gonar da ke maƙwabtaka an riga an yi yanka, mata na sheƙa a kan tamfol. A fuskar wayar na ga sun ɗaga kai. Na ga faifai ya faɗi, shinkafa ta watse, suka tarwatse kowa ta kama gabanta. Ɗaya daga cikinsu ta nufi babbar magudanar ruwa, ta yi ƙoƙarin tsallakewa, ƙafarta ba ta kai ba. Sai da na gan ta kwance a wayar kafin kukan ya iso kunnena.

Goggo ce. Ba mu haɗa jini da ita ba, amma haka muka tashi muna kiranta. Mijinta ya rasu da daɗewa, ita ke riƙe da gonar da ke jikin tamu, kuma muna yara in muka kai wa Baba abinci ita ke ba mu ruwa a inuwarta. 'Yarta da jikokinta na cikin waɗanda suka gudo daga ƙauye, a ɗakinta suke kwana. Ta san labarin jirgin nan fiye da kowa.

Na sauke shi na fito daga bayan bishiyar. Kafin in kai wurinta 'yan banga sun iso da gudu, wasu da bindigogin gargajiya. Na ɗaga rimot ɗin sama na ce ni ne. Da ba su san ni ba, ban san yadda za ta ƙare ba. Aka ɗauki Goggo a kan ƙyauren bukka zuwa bakin hanya, ƙugunta ya karye. Tana ganina ta ce, "Ashe kai ne."

Mai unguwa ya zo da kansa. Bai yi mini faɗa ba, bai ma dube ni ba. Ya miƙo hannu na ba shi jirgin da rimot, ya ce in biyo shi ofishin 'yan sanda. A can na yini ina rubuta bayani. Suka kalli hoton da ke wayata daga farko har ƙarshe, suka riƙe jirgin, suka mayar mini da wayar. Shi mai unguwar ne ya tsaya mini aka sake ni bayan la'asar.

Da na shiga ɗakin Baba na tarar labari ya riga ni. Na durƙusa a gaban gadon.

"Ƙahwa ta karye ko ƙugu?" ya tambaya.

Na ce ƙugu ne, an wuce da ita asibiti a Birnin Kebbi.

Ya rufe ido. Ni kuma, saboda wauta, na zaro wayar. Na ce, "Baba, farkon ya fito da kyau. Gonar ta yi albarka. Ka duba ko kaɗan ne."

"Aje ta. Ka yi ma mai unguwa alkawari ko ba ka yi ba?"

"Na yi."

"To mi ya kai ka?"

Na ce, "Don kai na yi, Baba."

Da zan iya janye magana ɗaya a rayuwata, wannan ce. Ya buɗe ido ya dube ni. Ya ce, "Ashe ni na karya ta ke nan." Ya nemi Inna ta juya shi, ta juya shi ya fuskanci bango.

Ya yi kwana goma sha tara bayan haka. Na ɗauki hutu na mako guda, ina tsakanin asibiti da Argungu. Idan na gaishe shi yana amsawa, idan na ba shi magani yana karɓa. Zai tambaye ni jikin Goggo, in faɗa masa, shi ke nan. Bai ƙara ambaton gona a gabana ba. Ya sa ƙanena ya ƙarasa wa Goggo aikin gonarta kafin a taɓa tamu. Sau biyu na ce ya yafe mini, ya ce ba shi na yi wa laifi ba. Na yi zaton akwai lokaci, na ce bari fushin ya huce. Wata rana ina ofis ƙanena ya kira ni. Na iso ya riga ya cika, ana haɗa shi.

A wurin zaman makoki mai unguwa ya zauna kusa da ni. Da mutane suka ragu ya kama hannuna ya ce, "Da ka zo ka same ni, da na je da kai wurin jami'an. Ko su ba mu mutum guda shi tsaya tare da mu, a yi shela a fadama kowa shi sani, ka tashe shi a gaban jama'a. Ni ma dabarar ba ta zo mini ba sai da abin ya faru." Ya share ido da bakin rawaninsa. Makonni bakwai ina zarya a ofis, ban taɓa tunanin in taka zuwa ƙofar gidansa in ce masa tsoho na son ya ga gonarsa ba.

Bayan sadakar bakwai Inna ta faɗa mini cewa kwana uku kafin rasuwarsa ya tambaye ta ko shinkafar ta cika ido bana. Ta ce masa, ai yana cikin wayar ɗanka, bari in kira shi. Ya ce ta bari.

An kira ni daga ofishin 'yan sanda bayan wasu watanni cewa in zo in karɓi kayana. Ban je ba. Abokan fitarmu ta Lahadi sun yi ta nemana har suka gaji.

Goggo ta tashi, amma da sanda take tafiya, kuma ba ta sake shiga fadama ba. 'Yarta ce ke noma gonar yanzu. Duk wata nakan je in ɗauko ta in kai ta ganin likita in mayar da ita. Ta ce ta yafe mini tun tana gadon asibiti, ta ce tsoro ne ya kayar da ita. A hanya takan ba ni labarin Baba yana saurayi, yadda ya taɓa kwana uku yana tare ruwa da buhunan ƙasa don kada ambaliya ta cinye gonakinsu su biyu. Ban taɓa jin labarin ba sai a bakinta. Idan muka zo inda hanya ta bi gefen fadama takan ce in rage gudu. In rage, ta sauke gilashi, ta yi ta kallo har mu wuce.