Kaskon Wuta da Ƙafar Maigidana

Me ya sa na ɗauko musu kaskon wutar nan da hannuna? Jikata da take rubuta wannan ta tambaye ni, ni ma na daɗe ina tambayar kaina.

Maigidana ma'aikacin reluwe ne a Kafanchan, yana bin layin dogo da guduma yana duba ƙusoshi. A shekarun da naira ta shigo ƙafarsa ta hagu ta fara ba shi wahala. In ya yi 'yar tafiya sai sharaɓarsa ta riƙe, ya tsaya ya kunna sigari har ta sake shi. Daga baya yatsun suka yi sanyi kamar gindin randa. Ni nake wanke masa ƙafa in ya dawo. Ko na mintsine shi ba ya ji.

Sai wansa ya zo daga Kagoro. Mutumin nan ya taɓa yin shara a ɗakin shan magani na mishan, daga riƙe tsintsiya ya zama likitan dangi. Ya taɓa ƙafar da yatsa ɗaya, ya goge a wando.

"Sanyi ne ya shige shi," in ji shi. "Matarmu, kawo garwashi."

Na ce, "Yaya, ƙafar nan fa ba ta jin komai."

"Ke da ko sunanki ba ki iya rubutawa, ke za ki koya mini aikin asibiti?"

Maigidana ya yi dariya ya ce, "Uwar yara, kawo masa, kada ya yi mana wa'azi."

Na kawo. Suka ɗora ƙafar a bakin kasko, suka rufe da bargo, suka shiga hirar gona. Ni na fara jin ƙauri daga madafa. Da na yaye bargon, tafin ƙafar ya riga ya tashi.

Bayan kwana biyu idon sawu ya kumbura, ya yi ja, ya ɗau zafi. Wan nasa ya kalle ni yana murmushi: "Kin gani? Ɗumi ya dawo." Jaki ma ya san wuta in ta taɓa shi.

Da yatsun suka fara baƙi na nemi mota muka tafi asibiti. Likitan ya yi bayani, wata nas tana mayar mini da Hausa. Ta ce a cikin jini akwai waɗansu ƙananan halittu farare, kamar sojoji. Duk inda jiki ya ji rauni, wurin yakan yi kira, su kuma su taru, su manne a bangon jijiya, su ratsa su shiga wurin ciwon. Jan nan da zafin nan da kumburin, taruwarsu ce. Amma jijiyar maigidana ta daɗe da rauni daga ciki, sojojin sun yi ta taruwa a bangonta tare da kitse har hanya ta tsuke. Yanzu ƙunar tana kira, ba mai iya isa yatsun. Ta ce a yanke ƙafar yau, a tsira da mutum.

Na yarda nan take. Ba a tambaye ni ba. Maza suka zauna a gindin mangwaron asibiti, wansa yana cewa a gidansu ba a taɓa binne mutum guntu-guntu ba, sai an ji ta bakin kawunsu na Gwantu. Kwana uku ana jiran tsoho ya sami mota. Ni ina ciki ina korar ƙuda.

Wan nasa ne kuma daga baya, ranar jana'izar maigidana, ya tsaya a majami'a ya fi fasto daɗewa, yana cewa Ubangiji ya bayar, Ubangiji ya karɓa. Ubangiji bai ce a kawo garwashi ba. Har wan nan nasa ya mutu ban ƙara ba shi ruwa da hannuna ba.

Ranar da kawun ya iso, zazzaɓi ya riga ya hau maigidana, likita ya ce jinin duka ya ɓaci, yanka ba zai ƙara komai ba. Da la'asar maigidana ya buɗe ido ya same ni ina kuka a gefen gado. Ya lalubo hannuna.

"Uwar yara, ƙafar ta daina ciwo. Je ki ci abinci, tun safe kike tsaye."